Siket ɗin 'yan rawar bale: me ya gajarta shi, ƙafa ko ido?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masu ilimin tarihin sutura da ke cikin wannan zaure. Makon jiya wata mai kawo mini ɗinki ta zo da hoto a wayarta, tana so in ɗinka wa 'yarta mai shekara biyar riga mai siket na net, irin wanda yake tsayawa a buɗe kamar laima. Da ta ce sunansa "tutu", sai yaran shagona suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya, domin kowa ya san abin da Bahaushe yake nufi idan ya ce yaro ya yi tutu. Na yanka net yadi shida, na yi masa tattara, na ɗora a kan roba, amma da aka gwada wa yarinyar sai ya kwanta a jikinta kamar gidan sauron da igiyarsa ta tsinke. Uwar ta ce asalin siket ɗin na 'yan rawar Turawa ne. Ina so in san inda ya samo asali, da dalilin wannan suna, da kuma abin da yake sa nasu ya tsaya nawa ya ƙi.

Malam Habu Damagaram: Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Dariyar yaranki tana da hujja fiye da yadda suke zato. Kalmar ta Faransanci ce, kuma an fara ganinta a rubuce a wajen shekarar 1881. Masana harshe sun kasu biyu a kanta. Wasu sun ce daga sunan yadin ne, wato tulle, wanda shi ma ya ci sunan garin Tulle da ke Faransa. Wasu kuma sun ce daga maganar yara ce, domin a bakin ƙananan yaran Faransa kalmar tana nufin mazaunai. Saboda haka tasu ma'anar da tamu maƙwabtan juna ne, ko da yake babu dangantaka tsakanin kalmomin biyu.

Ita rawar, ana furta sunanta "bale". Ta faro a fadojin Italiya a ƙarni na 15, ta bunƙasa a fadar Faransa, har Sarki Louis na 14 da kansa ya yi rawa a matsayin Rana a shekarar 1653, ya kuma kafa makarantar rawa ta masarauta a 1661. A wancan zamani kayan rawa su ne kayan fada: riguna masu nauyi da suke jan ƙasa, da takalma masu dunduniya, da gashin aro. Mata ba su hau dandamalin gidan Opera na Paris a matsayin masu sana'ar rawa ba sai a 1681. Wadda aka fi dangantawa da fara rage tsawon siket ita ce Marie Camargo, wadda ta fara rawa a wannan gida a 1726. Ta ƙware wajen tsalle tana kaɗa ƙafafu a iska, kuma da yake doguwar riga tana ɓoye wannan gwaninta, sai ta rage ta har idon sawunta ya bayyana. Ra'ayina shi ne duk tarihin yana cikin wannan mataki: duk lokacin da ƙafa ta koyi sabon abu, sai siket ya ja da baya ya ba ta wuri.

Alhaji Garba: Malam Habu, ka yi mini uzuri, amma ina ganin ka yi wa abin ado. Mu da muke kallo daga nesa abin da muke gani shi ne sutura tana ta raguwa, kuma da wuya in yarda cewa gwaninta kaɗai ce ta jawo haka. Su Turawan wancan lokaci, ba wanda ya ɗaga murya a cikinsu?

Malam Habu Damagaram: Sun ɗaga, ranka ya daɗe. Idon sawun Camargo kaɗai ya ishe su abin magana, kuma daga baya ya zama ƙa'ida mai rawa ta sa wando a ƙarƙashin siket, wanda suka raɗa wa suna wandon rigakafi. A 1734 kuma Marie Sallé ta fito a Landan cikin riga mai sauƙi ta yadin muslin, gashinta a sake, ba tare da firam ɗin nan da ake sa wa a ƙugu don buɗa riga ba, kuma hujjarta ita ce tana taka rawar gunkin Girkawa da aka hura wa rai, bai kamata gunkin Girka ya fito da kayan fadar Faransa ba. Malamin rawa Noverre ya kawo irin wannan hujja a littafinsa na 1760, inda ya nemi a yar da abin rufe fuska da kayan nauyi. Da za a tambaye su, cewa za su yi gaskiyar wasa suke nema.

Dakta Rabi: Ina tare da Alhaji a rabin maganarsa, kuma ina ganin Malam Habu ya ɗauki abin da 'yan rawa suka faɗa da bakinsu ya bar abin da masu kuɗi suka yi da aljihunsu. Bari in fara da abin da ba a jayayya a kansa. Siket ɗin da ake ɗauka a matsayin tutu na farko shi ne wanda Marie Taglioni ta sa ranar 12 ga Maris 1832 a Paris, a wasan La Sylphide da mahaifinta Filippo ya tsara mata. Fari ne, rigar ta kama jiki, siket ɗin mai shara-shara ne hawa-hawa, ya tsaya tsakanin gwiwa da idon sawu. Aljanar iska take takawa, tana tsayawa a kan tsinin yatsun ƙafarta, yadin yana bin ta a baya kamar hazo. Wasan Giselle ya biyo baya a 1841 da dandamali cike da fatalwowin 'yan mata cikin irin wannan farar sutura. Har nan na yarda da Malam.

To amma a duba waɗanda suke zaune a kujerun gaba. A daidai waɗannan shekaru aka mayar da gidan Opera na Paris hannun mai gudanarwa da yake neman riba, kuma attajiran da suke biyan kuɗin kujera na shekara suka sami izinin shiga ɗakin da 'yan rawa suke motsa jiki a bayan dandamali. Yawancin 'yan matan 'ya'yan talakawa ne, ana kiran ƙananansu "ɓerayen Opera", albashinsu ba ya riƙe su, kuma da yawa sai sun sami wani mai hali ya ɗauki nauyinsu, da duk abin da wannan yake nufi. Wanda ya kalli zane-zanen Edgar Degas zai ga maza cikin baƙaƙen kaya da dogayen huluna a tsaye a gefen labule. Mutum-mutumin da ya nuna a 1881, na yarinya 'yar shekara 14, ya yi shi da kakin zuma ya sa masa siket na yadi na gaske. Yarinyar Marie van Goethem ce, uwarta wankau take yi, kuma a shekarar da ta biyo baya aka kore ta daga gidan rawar. Ba na cewa gwaninta ƙarya ce. Cewa nake yi mai biyan kuɗi yana da ra'ayi a kan tsawon siket, kuma an saurare shi.

Injiniya Lawal: Ni shekara 19 na yi a masaƙa a Kaduna kafin a rufe ta, don haka ku bar ni in yi magana a madadin yadi, tunda ba wanda ya tambaye shi. Kafin a sami injin saƙa raga, da hannu ake yin ta, kuma tsadarta ba ta barin a yi wa 'yan rawa talatin siket da ita. Wani Bature ɗan Ingila, John Heathcoat, shi ya yi rajistar injin da yake saƙa irin wannan raga mai ido kusurwa shida a 1809. Masu adawa da injuna sun farfasa masana'antarsa a 1816, ya koma garin Tiverton, kuma a wannan tsakani aka yi fasa-ƙwaurin injunan zuwa Calais a Faransa, garin da ya zama cibiyar saƙar. Abu na biyu shi ne haske. Gidan Opera na Paris ya fara amfani da fitilar gas a 1822, kuma gas yana da abin da kyandir ba shi da shi, wato ana iya rage shi ko ƙara shi daga wuri guda. Idan aka rage shi aka yi hasken farin wata, farin yadi mai shara-shara sai ya riƙa sheƙi kamar ba ɗan Adam ne a ciki ba. Ba don inji da fitila ba, da mahaifin Taglioni ya yi mafarkinsa ya farka.

Dakta Rabi: Injiniya, gyara ɗaya. Siket ɗin farko-farko ba duka aka yi su da ragar Heathcoat ba. An fi amfani da muslin da kuma wani yadin auduga mai buɗaɗɗiyar saƙa da ake kira tarlatan, wanda ake ƙanƙame shi da sitaci. Amma na gode da ka kawo fitilar gas, domin ita ce ɓangaren tarihin da ba a cika son faɗa ba. Fitilun suna jere a bakin dandamali da gefensa, harshen wuta a fili, mai rawa kuwa tana sanye da auduga busasshiya hawa-hawa da iska a tsakani. Duk matar da ta taɓa hura murhu ta san abin da wannan yake nufi.

A Disamba 1844 siket ɗin Clara Webster ya kama wuta a gidan wasa na Drury Lane a Landan a gaban 'yan kallo, ta rasu bayan 'yan kwanaki. A 1861 a Philadelphia ta Amurka wuta ta bi 'yan rawa daga wannan zuwa waccan, cikin waɗanda suka mutu har da 'yan'uwa mata huɗu 'yan gida ɗaya. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Emma Livry, ɗalibar Taglioni. Hukumomin Faransa sun ba da umarni a 1859 a riƙa tsoma kayan wasa cikin wani sinadari mai hana kamun wuta, sai dai sinadarin yana sa yadin ya yi tauri, farinsa ya dushe. Emma ta ƙi, har ta rubuta takarda cewa ta ɗauki alhakin duk abin da ya same ta. Ranar 15 ga Nuwamba 1862, ana gwajin wasa, siket ɗinta ya taɓa fitila. Ta yi wata takwas tana jinya, ta rasu a Yuli 1863 tana da shekara 20. Shekara biyu kafin hatsarin, wasan da ya fito da sunanta shi ne na malam-buɗe-littafi da wutar tocila ta ƙona wa fukafukai. Ragowar kayan da ta sa ranar suna ajiye a gidan tarihin Opera har yau. Mutane kan ce taurin kai ne ya kashe ta, ni kuwa nakan tambaya: yarinyar da abincinta ya dogara ga ta fito kamar hazo, wane zaɓi aka bar mata?

Maman Ilham: Innalillahi. Wallahi jikina ya yi sanyi, Dakta. Ni da nake ganin yara suna zagaye kek mai kyandir da irin wannan riga, yanzu dole in riƙa jan kunnen iyaye.

Injiniya Lawal: Ki ja kunnensu ƙwarai. Net ɗin kasuwa na yanzu na nailan ne ko foliyesta, ba ya tashi da sauri kamar audugar da aka yi wa sitaci, amma yana narkewa ya manne a fata.

Hadiza: Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce a St. Petersburg ta ƙasar Rasha, kuma tunda gajeren siket ɗin da Maman Ilham ta gani a nan garin ya kammala girma, bari in sa baki. Na Taglioni dogo ne mai laushi. Wanda yake fita daga ƙugu ya miƙe kamar faifai ya zo ne a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Marius Petipa, Bafaranshen da ya iso nan a 1847 ya zama jagoran tsara rawa a gidajen wasa na Sarkin Rasha. A shekarun 1880 'yan rawar Italiya suka fara zuwa da horon Milan, ƙafafunsu da ƙarfi, takalmansu da tauri a tsini. Virginia Zucchi ta zo a 1885, Carlotta Brianza ce ta taka gimbiya a wasan Kyakkyawa Mai Barci a 1890, Pierina Legnani kuma ta yi juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya a 1893, ta maimaita a wasan Tafkin Swan a 1895.

A nan nake ganin hujjar Malam Habu ta fi ƙarfi. Irin wannan juyi, ƙafa ɗaya ce take tsaye, ɗayar tana fita gefe tana dawowa kamar bulala, kuma da doguwar riga ce da ta naɗe mata. Sannan namijin da yake riƙe ta yana bukatar hannunsa ya isa ƙugunta. Na je gidan Mariinsky, babban gidan rawar bale na garin nan, sau biyu, kuma da yake tikitin ɗalibi ne, can sama kusa da rufi na zauna. Daga can 'yan rawar suna zama fararen da'irori a jere, kana ganin layinsu ya miƙe ko ya karkace. Abin da ya ba ni mamaki shi ne lokacin da suka tsaya cik a gefe, sun ƙame kamar gumaka, amma bakin siket ɗin kowacce yana ɗan karkarwa saboda haki. Fuska tana ɓoye gajiya, siket ɗin yana tona ta.

Dakta Rabi: Madalla da wannan bayani, Hadiza, amma ki lura cewa gidan da kika zauna a ciki, a wancan zamani na Sarki ne, da kuɗin fada ake gudanar da shi, kuma manyan kujerun na 'yan sarauta da hafsoshi ne. Mathilde Kschessinska, wadda ta zama ta farko cikin 'yan Rasha da ta iya juyin nan 32, alaƙarta da yarima mai jiran gado, wanda ya zama Nicholas na 2, ba ɓoyayya ba ce. Gwaninta da idon masu mulki a ɗaki ɗaya suka kwana.

Malam Habu Damagaram: Na karɓi wannan, Dakta, sai dai akwai abin da hujjarki ba ta bayyana ba. Da ido ne kaɗai yake jan ragamar, da siket ɗin ya yi ta raguwa bai waiwayo ba, amma ya waiwayo. A 1909 a Paris, kamfanin rawa na Diaghilev, ɗan Rasha, ya nuna wasan Les Sylphides na mai tsara rawa Michel Fokine da dogon farin siket irin na zamanin Taglioni, kuma Fokine ɗin nan ya yi ta sukar al'adar sa wa kowace mace faifai ko da labarin na Masar ne ko na Indiya. Yau dogon da gajeren duk suna aiki, labarin da salon rawar ne suke zaɓa. A wasu wasannin George Balanchine, mai tsara rawa a New York, ma, kamar Agon na 1957, an cire siket ɗin ɗungurungum, an bar kayan atisaye baƙi da fari.

Injiniya Lawal: Tunda an ambaci Balanchine, dole a ambaci telarsa, kuma ina ganin Maman Ilham za ta ji daɗin wannan. Barbara Karinska haifaffiyar Kharkiv ce a 1886, da aikin surfani ta fara, ta bi ta Paris da Landan ta sauka a New York, har ta sami lambar Oscar ta tsara sutura. Matsalar da ta tarar ta aikin injiniya ce. Siket mai faifai yana da zoben waya a ciki, kuma duk abin da yake da tauri da faɗi, idan an kaɗa shi ba ya tsayawa nan take. Mai rawa ta tsaya, siket ɗinta yana ci gaba da rawa, kuma idan suna da yawa a matse sai faifan su riƙa karo da juna. Balanchine kuwa sauri yake so. A 1950, don wasan Symphony in C, ta cire wayar, ta rage faɗin, ta jera net hawa shida ko bakwai, kowane hawa ya ɗara na ƙasansa kaɗan, ta ɗaure su sako-sako. Abin ya fito da taushi, har ake kiransa soson hoda, kuma yana tsayawa lokacin da mai shi ta tsaya.

Hadiza: Akwai wanda ya bi ta ɗaya hanyar. A wasan mai tsara rawa William Forsythe na 1996, mai tsara sutura Stephen Galloway ya yi siket ɗin fale-fale guda ɗaya, ba tattara ko kaɗan, kamar faifan garmaho. Wani canjin kuma a ƙarƙashin siket ɗin ya faru. Safa da takalmin rawa an daɗe ana yin su ruwan hoda don su saje da fatar Turawa, sai kamfanin rawa na unguwar Harlem ta New York da Arthur Mitchell ya kafa a 1969 ya fara rina su daidai da fatar kowace mai rawa, kuma sai a 2018 kamfanin Freed na Landan ya fito da takalma masu launin ƙasa-ƙasa a kasuwa.

Alhaji Garba: Ban canza ra'ayina a kan suturar ba, kuma ba zan so jikata ta sa gajeren ba. Amma na yarda cewa da na ɗauka rashin kunya ce zalla, ashe akwai masaƙa da tela da gobara a cikin zancen. Dakta, wannan yarinya Emma za ta daɗe a raina.

Maman Ilham: Na gode muku duka, amma har yanzu ba a amsa tambayata ta uku ba. Me ya sa nawa ya kwanta?

Dakta Rabi: Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, mun shagala. Na taɓa riƙe na gaske a hannuna a wani ɗakin ajiyar kayan wasa a Ingila, kuma abin da na gani ke nan. Da farko net iri biyu ne, mai laushi irin na mayafin amarya da mai tauri wanda yake kartar hannu, kuma mai taurin ne yake tsayawa. Na biyu, ba a ɗora shi a kan roba. A kan ɗan kamfai mai ƙarfi ake ɗinka shi, layi-layi, hawa goma zuwa sha biyu, na ƙasa shi ne mafi gajarta, kowane na sama ya fi shi tsawo, ta yadda na ƙasa suke tallafe na sama. Ana barin hanya a ɗaya daga cikin na tsakiya a zura waya, sannan a bi da allura da zare a ɗaure hawan da juna da hannu, a danne da tururi. Daga nan ake shimfiɗa yadin ado a sama. Rigar kuma gunduwa-gunduwa ake yanka ta, a sa mata ƙarfe ko roba mai tauri a ciki, a jera maɗaurai layi biyu ko uku a baya domin mata masu jiki daban-daban su iya sa guda ɗaya. A cikin wadda na riƙe akwai sunayen mata huɗu a rubuce a kan ƙyalle, an soke uku.

Maman Ilham: To ashe na Karinska ne ya dace da yarinya 'yar shekara biyar, domin ba zan sa wa 'yar mutane waya a ƙugu ba. Na aika Kantin Kwari a sayo mini mai taurin, zan yi hawa shida, in sa shafi mai laushi a ciki saboda kada ya karce ta, in kuma ƙara tsawon ya rufe gwiwa, don na san kakarta.

Hadiza: Idan kin gama, Anti, kada ki rataye shi yadda ake rataye siket. A gidajen rawa a kife ake rataye shi, ƙugu a ƙasa, ko a kwantar da shi a shimfiɗe, domin nauyinsa ya riƙa jan net ɗin zuwa inda ake so ya tsaya.